A Gaɓar Tekun Gana, Gani Bai Kori Ji Ba

Hanyar da kamfanonin yawon buɗe ido suka shata wa baƙo a kudancin Gana sananniya ce. Da sassafe za a ɗauke shi daga Akra, a bi titin gaɓar teku a yi yamma kimanin kilomita 150 har Cape Coast, a zagaya da shi cikin kagarar da Turawa suka gina, wato katafaren gidan nan mai kaurin bango wanda igoginsa ke fuskantar ruwa. Daga nan a ƙara gaba kaɗan zuwa Elmina, a shiga kagara ta biyu, a tsaya bisa gada a ɗauki hoton kwale-kwalen masunta. Kashegari a koma babban birni a dubi hasumiyar Jamestown da dandalin ƴancin kai. Cikin kwana biyu baƙo ya ga duk abin da aka yi masa alkawari, amma da wuya ya ji kalma goma cikin harshen mutanen da ke kwana suna tashi a gindin waɗannan gine-gine.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma sunan da aka raɗa wa irin wannan tafiya ma ido ya ambata. Sai dai a wannan gaɓa karin maganar ya gaza. Bango yana nuna wanda ya mallaki dutse da bindiga. Labarin waɗanda suka yi dakon dutsen, da waɗanda aka tsare a ƙarƙashinsa, da waɗanda suka ci gaba da zama bayan Bature ya naɗe tutarsa, yana cikin sunaye da ararrun kalmomi, kuma da kunne ake tsintar su. Ɗalibin kimiyyar harshe da ya bar Yamai ko Damagaram ya keta Burkina Faso har ya isa teku, sannan ya komo da hotuna kaɗai, ya yi asarar da ɗalibin wani fanni bai yi ba, domin shi aka koya wa sauraro.

A fara da Elmina. Turawan Fotugal sun iso wannan yanki a 1471, kuma a 1482 Diogo de Azambuja ya aza harsashin kagarar São Jorge da Mina, wadda ake lissafawa a matsayin ginin Turawa mafi tsufa da ke tsaye kudu da Sahara. Ma'anar mina a harshensu ita ce mahaƙa. Zinariya suka zo nema, saboda haka suka kira gari da sunan abin da suke so daga gare shi. Mutanen garin kuwa Edina suke cewa, kuma al'adarsu ta baka tana riƙe da wani suna, Anomansa, wanda ake fassarawa da ruwan da ba ya ƙarewa. Holan ta ƙwace kagarar a 1637, Ingila ta karɓe ta a 1872, amma sunan da Fotugal ta bari bai gushe daga taswira ba. Akwai kuma wani fili fetal a gefen kagarar wanda motocin baƙi ke tsayawa kusa da shi ba tare da kowa ya tambaya ba. Nan ne tsohon garin yake kafin jiragen yaƙin Ingila su yi masa ruwan wuta a watan Yunin 1873, a shekarar da aka kai sarkinsa Kobina Gyan gudun hijirar dole a Saliyo. Ido ba zai ga komai a filin ba. Wanda ya tambayi dattawan gari shi zai ji cewa akwai unguwanni a wurin, kowace da sunanta.

Sunan Cape Coast ya fi ban sha'awa ga mai nazarin sauti. Fotugal ta kira wurin Cabo Corso. Da sunan ya faɗa kunnen Ingilishi, sai suka lanƙwasa kalma ta biyu ta koma wadda suka sani mai nufin gaɓa, kamar dai yadda Bahaushe ke jan baƙuwar kalma zuwa ga wadda bakinsa ya saba da ita. Ginin da kansa ya fara ne a 1653 a hannun Turawan Suwidin da sunan Carolusborg, domin girmama sarkinsu, kafin ya shiga hannun Ingila a 1664. Fantawa kuma Oguaa suke kiran garin, sunan da ake dangantawa da kalmar gua, wato kasuwa. Wuri ɗaya ke nan da sunaye huɗu daga harsuna huɗu, amma tikitin shiga da allon kan hanya da littafin baƙi duk ɗaya suka zaɓa.

A cikin kagarar ma harshe bai ɓoye ba. Akwai babban zaure da ake kira Palaver Hall, kuma kalmar farko ta fito daga palavra, wato magana a harshen Fotugal. Shaida ce ta gaurayayyen harshen ciniki da ya yi ƙarni da dama yana aiki a gaɓar, har bayan Fotugal ta rasa kagarunta. Burbushinsa na nan a harsunan Akan har gobe: paanoo na burodi daga pão, krataa na takarda daga carta, asopaatere na takalmi daga sapato. A farfajiyar kagarar kuma akwai kabarin Philip Quaque, Bafante da aka kai Ingila yana yaro a 1754, ya zama baƙar fata na farko da cocin Ingila ta naɗa limami, ya komo gida a 1766 harshen uwarsa ya yi masa rauni har yana neman tafinta. Ya yi shekara hamsin yana hidima a cocin kagarar, kuma wurin ibadar yana bisa kurkukun ƙarƙashin ƙasa da ake tsare bayi maza. Jagora zai nuna kabarin cikin minti ɗaya ya wuce. Ga wanda ya karanta darasin mutuwar harshe a bakin mutum guda, wannan kabari babi ne sukutum. Ya kamata kuma ɗalibi ya san cewa kalmar da Ingilishi ke kiran masanin harshe da ita, a Gana ita ake kiran okyeame, kakakin sarki mai riƙe da sanda, wanda maganar talaka ba ta isa ga sarki sai ta bakinsa.

Ƙauyukan masunta su ne suka fi cutuwa da yawon ido. A tsarin tafiyar an mayar da su ado, wurin da za a huta da baƙin cikin kurkuku a ɗauki hoto mai launi. Alhali bakin tafkin Benya a Elmina allo ne buɗaɗɗe. Kwale-kwalen, waɗanda ake sassaƙa gindinsu daga icen wawa, kusan kowanne na ɗauke da rubutu a jikinsa: karin magana da Fantanci, ko ishara zuwa ayar Littafi Mai Tsarki, ko habaici ga abokin gaba, ko sunan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Turai, ga tutocin ƙasashe daban-daban suna kaɗawa. Wanda ya taɓa nazarin kirarin da ake rubutawa a bayan manyan motoci tsakanin Maraɗi da Kano zai gane nau'in nan take. Tambayoyin ma iri ɗaya ne: wane saƙo ake rubutawa da harshen gida, wane ake rubutawa da Ingilishi, wace ƙa'idar rubutu mai fenti yake bi, kuma wa ake yi wa habaicin.

Rayuwar wurin tana da nata tsari da nata kalmomi. Akwai apofohene, sarkin masunta, mai sasanta rikicin taru da na wurin ɗaure jirgi. Akwai konkohemaa, shugabar mata masu saye da bandar kifi, wadda ke da ta cewa a kan farashin ranar. Ran talata ba a fita su a teku, a wurin Fantawa da kuma Gawa na Akra, don haka baƙon da ya zo a wannan rana zai tarar da maza zaune suna ɗinkin raga, kuma ita ce ranar da ta fi dacewa da hira. A talatar farko ta watan Yuli ake bikin Bakatue, inda ake buɗe tafkin Benya bayan an hana su a cikinsa na wasu makonni. Murhun banda da ya bazu a ƙasashen gaɓa sunan wata unguwar masunta ta Akra yake ɗauke da shi, Chorkor, inda aka inganta shi tare da matan unguwar. Akwai kuma kalmar da masunta suka fi ambata idan suna kukan ƙarancin kifi, wato saiko. Tana nufin haramtaccen cinikin da manyan jiragen su ke yi a tsakiyar teku, suna sayar wa wasu masu kwale-kwale ƙananan kifi daskararru, irin kifin da ƙaramin masunci ya dogara da shi. Ana danganta asalinta da harshen Japan. Kalma ɗaya ke nan da ta ƙunshi tarihin jiragen waje a ruwan Gana da kuma dalilin da ya sa taru ke fitowa da sauƙi. Hoto ba ya ɗaukar wannan, sai ma ya nuna jirage birjik a bakin ruwa, mai kallo ya ɗauka arziki ne.

Gine-ginen Akra su ma biyu ne sunayensu. Ingila ta gina James Fort a 1673, kusa da kagarar Holan ta Crèvecoeur wadda ta riga ta tun 1649 kuma daga baya aka sake mata suna Ussher Fort, can gabas kuma ga Christiansborg ta Danmak a Osu. Taswira na cewa Jamestown da Ussher Town, Gawa kuma na cewa Ngleshie da Kinka. Na farkon kalmar Ingilishi ce da ta bi ƙa'idar sautin Ga. Ɗaya daga cikin sassan unguwar ana ce masa Alata, sunan da ke komawa ga Allada ta ƙasar Benin ta yau, yankin da aka kawo ma'aikatan kagara daga can. A wani titin Jamestown kuma akwai Brazil House, gidan zuriyar Tabom, ƴantattun bayin da suka komo daga Burazil a shekarun 1830. An ce sunan ya samo asali ne daga tá bom, amsar gaisuwarsu da harshen Fotugal, wadda maƙwabta suka riƙa ji har ta zama sunan al'umma. Tun da aka mayar da babban birni daga Cape Coast zuwa Akra a 1877 garin ke faɗaɗa, kuma kowane sabon zango na mutane ya bar sunansa.

A nan ne Bahaushe ke cin karo da kansa. Tsofaffin fatake Ankara suke kiran birnin, kusa da Nkran na Akan. A tsakiyarsa akwai unguwar Tudu, akwai Fadama tsohuwa da sabuwa, akwai Sabon Zango, kuma ana danganta sunan Adabraka da kalmar albarka ta masu ciniki. Kalmar zango kanta ta shiga Ingilishin Gana a matsayin zongo. A bakin titi ana sayar da waakye, wanda ba wani abu ba ne illa wake da shinkafa, ga koko da koose, ga tuo zaafi. Hausar da ake yi a Nima da Sabon Zango, wadda masana ke kira Gananci, ta yi watsi da bambancin jinsin namiji da tamace a nahawu, kuma a bakin masu magana da yawa baƙaƙe masu ƙugiya sun koma sake. Ɗalibin da ya haddace wannan don jarrabawa zai iya jin sa da kunnensa a wurin mai shayi, in dai an bar masa sa'a biyu a cikin jadawali. Kamfanonin yawon buɗe ido ba kasafai suke sa zango cikin jerin wuraren gani ba, domin ba shi da igwa ko hasumiya. Hanyar kuwa tsohuwa ce ga ƴan Nijar. Fim ɗin Jaguar na Jean Rouch, wanda aka ɗauka a tsakiyar shekarun 1950, labarin samari uku ne da suka bar Nijar suka nufi wannan gaɓa neman kuɗi.

Sauraro ba ya kawo daɗi kaɗai. A harshen Akan akwai kalmar ɔdɔnkɔ, wadda ake kiran bawan da aka sayo daga arewa da ita. Ita ce a cikin sunan Donkor Nsuo, rafin Assin Manso inda aka ce ana yi wa bayi wankan ƙarshe kafin a gangara da su gaɓa. Arewar da ake nufi ba baƙuwa ba ce ga fataken Gwanja. Salaga, kasuwar da ayarin Hausawa ke zuwa sayen goro a ƙarni na 19, kasuwar bayi ce kuma. Hare-haren Babatu da mayaƙan Zabarmawa a ƙasar Gurunsi a shekarun 1880 sun zo ne bayan Ingila ta haramta cinikin bayi na teku tun 1807, amma sun cika kasuwannin cikin ƙasa da mutane, kuma da Hausar ajami wani malami mai suna Malam Abu ya rubuta labarinsu. A ɗaya ɓangaren, Hausawa da yawa sun tsinci kansu a Bahiya ta Burazil a matsayin bayi, galibi ta tashoshin da ke gabas da Gana, har suka yi bore a farkon ƙarni na 19. Ɗan Sahel da ke tsaye a bakin ƙofar da ake ce wa ba a komowa yana da dangi a cikin waɗanda aka sayar, yana da su kuma a cikin masu ciniki. Bayanin jagora, wanda aka tsara domin baƙi daga Amurka da Turai, ba ya kawo wannan, kuma ba laifinsa ba ne. Nauyin tambayar yana kan wanda tarihin ya shafa.

Akwai hujjoji masu nauyi a gefe guda. Ta farko, cewa tafiyar hutu hutu ce, kuma ɗalibin da ya shekara yana fama da kundin bincike yana da haƙƙin ya kalli teku ba tare da alƙalami ba. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a mayar da kowace fita aji. Amma wanda ya shiga kurkukun Cape Coast ya riga ya bar hutu a ƙofa, abin da ya rage shi ne ya fito da fahimta ko ya fito da hoto. Ta biyu, cewa Ingilishi ne harshen da ya haɗa baƙi, kuma kuɗin waɗannan baƙi ne ke gyara bango. Tun da Unesko ta sa kagarun cikin kayan tarihin duniya a 1979, zuwa ziyarar Barack Obama a Cape Coast a 2009 da shekarar komowa gida da Gana ta shelanta a 2019, ƴaƴan Afirka na ƙetare su ne ginshiƙin wannan kasuwa, kuma ba su jin Fantanci. Wannan ma gaskiya ne, sai dai ƙara sunan gida a kan allo ba ya rage wa Ingilishi komai. Ta uku ita ce mafi ƙarfi: masunci bai gayyaci kowa ba, kuma mai na'urar ɗaukar murya na iya zama ɗan kutse kamar mai kyamara. Amsar ita ce ladabin bincike da ake koyarwa tun shekarar farko. A gaida shugabannin wurin, a faɗi abin da ya kawo mutum, a nemi izini kafin ɗaukar murya ko hoto, a biya tafinta haƙƙinsa, kuma idan aka ce a'a a haƙura.

Abin da ake bukata ba shi da tsada. Duk ƙungiyar ɗalibai da ta tara kuɗin irin wannan tafiya za ta iya raba aiki tun kafin mota ta tashi: wasu su tattara sunayen wurare, na taswira da na bakin ƴan gari, tare da lafazinsu, wasu su kwafi rubutun jikin jirage harafi da harafi ba tare da gyara ba, wasu su zauna a zango su ɗauki hira da Gananci. A nemi jagora ɗan gari ban da na cikin kagara, a kuma rage wuri ɗaya daga jerin wuraren gani domin a sami yini guda na zama. Sashen kimiyyar harshe na Jami'ar Gana a Legon da Jami'ar Cape Coast suna kan hanyar, kuma wasiƙa ɗaya daga malami za ta iya haɗa ɗalibai da takwarorinsu masu jin Fantanci da Ga. Abin da aka tattaro a ajiye shi a sashe, domin ayari na gaba ya ɗora daga inda na baya ya tsaya.

Wanda ya koyi wannan sauraro a gaɓar teku zai komo da shi gida. Baƙin da ke ziyartar fadar Sarkin Damagaram da unguwar Birni, ko tsohon garin Agadas wanda Unesko ta amince da shi a 2013, su ma ana ratsa su ta cikin gine-gine da harshen Faransanci, su yaba zanen bango su tafi. Maginan gargajiya suna da sunan kowane sashe na ɗaki, daga tubali da azara zuwa zanko da bakan gizo, kuma yawancinsu sun manyanta. Ɗaliban da ba su da kuɗin zuwa Elmina a bana suna iya ɗaukar littafi da na'ura su nufi Birni ran asabar, su nemi sarkin magina, su fara da tambayarsa sunan abin da suke gani.